Dutsen da Nomau Bai Kife Ba

Tun kafin a san bindiga a ƙasar Damargu, a zamanin da jiminu ke yawo garke-garke a bakin hamada, an yi wani maharbi ana ce da shi Nomau ɗan Jatau. Garinsu Aduwa Uku, ƙauyen maharba da majema, shi ne gari na ƙarshe kafin ƙasa ta daina fitar da ciyawa. Daga nan in ka yi arewa tafiyar yini guda, za ka tarar da wata tsohuwar rijiya da ake kira Rijiyar Sallama, domin a nan mai shiga hamada yake sallama da ruwa. Bayanta kuwa sai Tanderu.

Maharba ne suka laƙaba wa wannan yanki suna Tanderu, kuma ba su yi masa ƙage ba. Da bazara, in rana ta take tsaka, mutum bai isa ya taɓa bakin kibiyarsa da hannu ba. Ana binne ƙwai a rairayi a tono shi dafaffe. Tsoffin maharba sun ce sun sha ganin tsuntsu yana cikin tashi ya faɗo matacce, ba wanda ya harbe shi. Duwatsun wurin sukan wuni suna shan zafi, in sanyin safiya ya sauko musu sai ka ji sun tsage da ƙara. Akwai tuddan rairayi da ke ruri in iska ta taɓa su, wani gurnani mai kama da ganga daga nesa, matsorata su ce bikin aljanu ne. Ga kuma kawalwalniya, wadda ke shimfiɗa wa mai ƙishi tafki har da inuwar itatuwa, ya yi ta bi har ƙafarsa ta gaza.

Abin da ya fi ɗaure kai yana can tsakiya, tafiyar kwana biyu daga Rijiyar Sallama, a wani wuri da ake kira Kwarin Ƙashi. A nan akwai manyan itatuwa kwance waɗanda suka zama dutse, har da ɓawonsu. Akwai ƙasusuwan wasu dabbobi da ba wanda ya san irinsu, gaɓar ƙashin baya guda ta kai turmi. Ƙayar kifi da kwanson katantanwa warwatse a inda ko kunama sai da dabara take rayuwa. Duwatsun niƙa ajiye kamar matan sun tashi ɗauko wani abu ne, yanzu za su dawo. A jikin manyan duwatsu kuma an zana raƙuman dawa da dorina da shanu masu dogayen ƙaho, da mutane a cikin kwalekwale. Ba wanda ya san waɗanda suka yi zanen, ko inda ruwansu ya tafi.

Abin da ke kai maharba wannan azaba abu biyu ne: gashin jimina, wanda fataken arewa ke nema ido rufe, da fatar mariri, farar dabbar nan mai miƙaƙƙen ƙaho, wadda da ita ake yin garkuwar yaƙi. Da yake mutum ba zai iya ɗaukar ruwan da zai ishe shi zuwa da dawowa ba, sai suka yi wata dabara. Kowane maharbi yakan cika kwanson ƙwan jimina da ruwa, ya toshe bakinsu da kakin zuma, ya binne a inuwar wani dutse da kowa ya san nasa ne. Wannan ita ce ajiya. A bakin Rijiyar Sallama kuma aka jera wasu faffaɗan duwatsu, kowane mai ajiya da nasa, fuska ɗaya an shafe ta da farar ƙasa, ɗaya da baƙin tukunya. Duk wanda ƙishi ya kama yana da damar shan ajiyar kowa, ba gaba ba tara. Sharaɗi guda ne tak: in ya fito, kafin ya bar bakin rijiya, ya kife dutsen mai ajiyar, baƙin ya koma sama, don mai ita ya sani kada ya shiga da dogaro a kanta.

Nomau shi ne gwanin zamaninsa, kuma ya san shi gwani ne, abin da ya fi komai cutar da shi ke nan. Dogo ne siriri, yatsun ƙafarsa ta hagu huɗu ne, maciji ya cinye masa guda tun yana ƙarami, saboda haka kowa ya san sawunsa. In ya dawo daga farauta masu ganga sukan tarye shi:

“Nomau na Gwamma, mai taka wuta ba takalmi!
Mai shiga Tanderu ya fito da gumin wasu!
Ana shan naka, ba ka shan na kowa!”

Wannan layi na ƙarshe shi ya fi so. Shekara ashirin yana shiga hamada, ba a taɓa ganin ya kife dutsen wani ba, kuma ba ya gajiya da tuna wa mutane haka, ko an tambaye shi ko ba a tambaye shi ba.

Gwamma da ake ambata a kirarin ita ce mahaifiyarsa. ’Ya’yanta biyu suka rayu, Nomau ɗan fari, da autanta Anaruwa, wanda aka haifa ana tsuga ruwan sama. Kun san yadda iyaye mata suke da ɗan fari. Tunda ta haifi Nomau bakinta bai taɓa kama sunansa ba, sai dai ta ce “wancan”, ko “mai bakan nan”. Ba ta zama su yi hira, ba ta yabonsa a gaban mutane, in ya gaishe ta takan amsa tana kallon wani wuri. Kunya ce, haka aka tarar. Anaruwa kuwa ko da ya yi aure, ya kawo matarsa Yalwa gidan, bai daina zama a gefen tabarmar uwarsa yana ba ta dariya ba. Nomau yana son ƙanen nan nasa, shi ya koya masa riƙon baka, shi ya nuna masa inuwar dutse a Kwarin Ƙashi inda Anaruwa ya kafa tasa ajiyar.

Wata bazara mai tsanani, Nomau ya bi wani mariri da ya harba har ya wuce inda ya saba tsayawa. Ya sami dabbar, ya feɗe, amma a hanyar dawowa ƙaya ta huda salkarsa bai ankara ba. Ajiyarsa tana can gabas, tafiyar yini biyu, ta ƙanensa kuwa ga ta nan kusa. Ya isa Kwarin Ƙashi harshensa ya kumbura, ya tone ƙwai shida na Anaruwa ya shanye huɗu, ya tafi da biyu. Har nan bai yi laifin komai ba.

Laifin a bakin Rijiyar Sallama ya yi shi. Ya iso ya tarar da maharba uku suna hutawa, suna ganinsa suka ɗauki kirarinsa: ana shan naka, ba ka shan na kowa. Nomau ya sha ruwa, ya je ya tsaya a kan jerin duwatsu. Dutsen Anaruwa na nan da farinsa a sama. Ya sunkuya, har ya kai hannu, sai ya yi kamar igiyar takalminsa yake gyarawa. Ya ce a ransa, ai Anaruwa yana can kudu ya kai fatu kasuwa, sai wata ya kama zai dawo. Bari in je gida in sauke nama, in ɗinke salka, jibi in koma in cika masa ƙwansa, ba wanda zai ji ba wanda zai gani. Ya miƙe ya kama hanya. Ni dai duk sanda na zo nan a labarin sai in ji kamar in riƙo rigarsa.

Da ya isa gida ya tarar uwarsa ba ta da lafiya, zazzaɓi ya kwantar da ita. Ya tsaya kwana biyu yana nemo mata saiwoyi. A rana ta uku wasu fatake suka sauka a garin, Yalwa ta fito ta karɓi saƙo a hannunsu, ta zo ta durƙusa a gabansa.

“Yaya, wai ƙanenka ya taso da wuri. Ya sami mai sayen gashin jimina, bai biyo ta gida ba, ya yanke kai tsaye zuwa Rijiyar Sallama. Yau kwanansa biyu da shiga.”

Nomau ya ce, “Da salka nawa?”

“Sun ce guda. Wai ya duba dutsensa ya gan shi fari.”

Nomau ya miƙe zumbur. Ya ɗauki salka biyu ya fita, ko sallama bai yi ba. Tafiyar kwana uku ya yi ta a yini biyu, yana tafe har da tsakar rana, lokacin da ko mahaukaci ba ya tafiya a Tanderu.

Ya same shi a inuwar dutsen, kwance a gefen ramin ajiya. Ya riga ya cika, ga alama tun jiya. Kwanson ƙwai huɗu da Nomau ya bari a watse, Anaruwa ya tattara su ya jera a gefe guda. Rawaninsa na hannunsa a dunƙule. Nomau maharbi ne, ƙasa ba ta ɓoye masa magana, saboda haka ya duba ya karanta abin da ya faru. Iska ba ta shiga ƙarƙashin dutsen nan, sawun mai yatsu huɗu ya kamata a ce yana nan ko’ina. Babu. An bi shi ɗaya bayan ɗaya an share da tsumma, mai sharewar yana jan ciki. Sai guda ɗaya rak ya rage, a daidai inda hannun ya gaza.

Nomau ya zauna a wurin ya yi kuka irin wanda bai taɓa yi ba. Ya zuba salka guda ya wanke ƙanensa, ya binne shi a nan inuwar.

Da ya so, da maganar ta mutu a nan, domin wanda zai faɗe ta ya riga ya rufa masa asiri. Amma da ya fito Rijiyar Sallama sai ya ɗauki dutsen Anaruwa, ya ɗora a ka har Aduwa Uku. Ya ajiye shi a ƙofar ɗakin uwarsa a gaban dattawan gari, ya faɗi komai, bai rage ba. Gwamma tana zaune a bakin ƙofa, ta daɗe tana kallon farar fuskar dutsen. Da ta buɗe baki ba shi ta kalla ba, dattawan ta kalla.

“Ku gaya wa wancan, kada in ƙara ganinsa sai ya mayar da ruwan da ya sha. A inda ya sha shi.”

Wani dattijo ya ce, “Haba Gwamma, a Kwarin Ƙashi? Ai sai ya cika ƙwai shida ya kai.”

Ta ce, “Ruwan da ake shanyewa ya ƙare shi ya kashe mini ɗa. Ba shi nake nufi ba.”

Kowa ya gane rijiya take nufi, kowa kuma ya san ba mai yiwuwa ba ne. Nomau ya karya bakansa a gwiwa, ya je wurin maƙeri ya karɓi dagi da ’yar fartanya, ya sake ɗaukar dutsen ya koma Tanderu.

Aikin da ya yi a can, in ba don rijiyar tana nan ba da sai a ce ƙarya ce. Ruwan da zai sha sai ya ɗauko daga Rijiyar Sallama, kwana biyu zuwa, kwana biyu dawowa, sannan ya sami kwana uku ko huɗu na haƙa kafin salkunansa su bushe. Ba shi da mai ja masa ƙasa, sai ya sassaƙa matakala a jikin ramin, ya riƙa fitowa da ita a buhun fata a bayansa. Ya fara haƙa kusa da kabarin ƙanensa, bayan shekara biyu ya ci karo da shimfiɗaɗɗen dutse wanda dagi ba ya kama shi. Ya koma gindin itatuwan dutse, yana ganin inda itace ya taɓa tsayawa ba a rasa laima. Shekara biyu da rabi ya yi a nan, ya sami ruwa kuwa, amma mai ɗaci kamar an jiƙa kanwa, ko raƙumi ya sansana sai ya kau da kai.

Abu guda ne bai taɓa yankewa ba. Duk sanda ya fito ɗibar ruwa, yakan tarar da ƙunshin busasshiyar gumba a gurbin da dutsen Anaruwa yake a da, wani lokaci har da ɗan kilishi. Maharba suka ce masa daga gidansu ake ba su su kawo. Ya ce, Allah ya saka wa Yalwa, matar da na mayar gwauruwa ita ke ciyar da ni. Wannan ya fi zagi yi masa ciwo.

Masu ganga sun daina ambatonsa. Maharba matasa suka riƙa ce masa Gafiyar Tanderu. Wata rana wani madugun Buzaye, Agali, ya ratso da ayarin gishiri, ya leƙa ramin ya ga mutum baƙi ƙirin, ƙashi da fata.

“Bawan Allah, me kake nema a nan? Kakana ya bi hanyar nan, kakansa ma ya bi, ba wanda ya taɓa jin ƙanshin ruwa.”

Nomau ya ɗago masa ƙayar kifi ya ce, “Wannan fa, a raƙumi ta zo?”

Madugu ya bar masa salka guda da dabino, ya wuce.

A shekara ta biyar ne, yana kwance da rana a inuwar duwatsun zane ya rasa inda zai sa dagi, idonsa ya tsaya a kan shanun. Ya gan su sau dubu, amma bai taɓa lura ba sai ran nan: raƙuman dawa da sauran dabbobi kowa da inda ya fuskanta, shanun kuwa duk kansu a sunkuye yake. Ya tashi ya zagaya kwarin dutse bayan dutse. Na gabas sun sunkuya suna duban yamma, na yamma suna duban gabas, na arewa suna duban kudu. Shan ruwa suke yi, kuma duk a wuri guda. Ya bi bakunansu da ido har inda suka haɗu, wani ɗan faƙo fari a tsakiyar kwari wanda ko kallo bai ishi mutum ba. Nan ya kafa dagi.

Shekara biyu ya ƙara. Yana haƙa yana jera duwatsu a jikin ramin don kada rairayi ya rufta masa. A zurfin gaba goma sha huɗu ƙasa ta canza launi, ta yi sanyi a tafin ƙafarsa. Wata safiya ya buga dagi ya zare, sai ramin dagin ya ciko. Ya ɗanɗana, ruwa ne garai, mai sanyi har yana kama haƙori. Bai sha ba. Ya cika ƙwai shida ya binne a ajiyar Anaruwa, ya cika sabuwar salka ya saɓa, ya nufi gida. A hanya yana ta maimaita abin da zai ce in ya durƙusa, yana tunanin ko za ta kalle shi.

Ya shiga Aduwa Uku da hantsi, yara ba su san shi ba. Tun daga nesa ya hango mata sun cika ƙofar gidansu, maza zaune a kan tabarmi ba mai magana. Yalwa ce ta fito da tulu a hannu za ta rijiya, ta yi furfura. Ta tsaya tana kallonsa, ta kalli salkar.

“Yaya, ka samu?”

“Na samu.”

Ta ajiye tulun a ƙasa. “Inna ta cika ɗazu da safe. Ruwan wanka zan ɗebo.”

Nomau ya sauke salkar a hankali ya miƙa mata. Da ruwan Kwarin Ƙashi aka yi wa Gwamma wanka.

Bayan an dawo daga maƙabarta ya sami Yalwa ya ce mata ya gode da gumbar shekara bakwai, ba shi da bakin da zai biya ta. Yalwa ta rufe fuska da mayafi.

“Yaya, ban taɓa daka maka gumba ba. Ni fushi nake da kai, ba zan ɓoye ba. Inna ce. Har da idonta ya tafi, da lalube take dakawa, ba ta yarda kowa ya taɓa taɓaryar. Tun damina ta farko ta ce mini ta yafe, ta ce maganar zafi ce ta fita. Na ce to a aika a kira shi. Sau nawa tana kiran maharba, in sun zo sun durƙusa sai ta kasa, ta ce su kai gumba kawai. Ka san ba ta iya kama sunanka.” Ta share hawaye. “Jiya ta kama shi. Sau uku.”

Nomau bai kwana a garin ba. Ya koma bakin rijiyarsa, ya yi bukka, ya zauna yana ja wa matafiya ruwa har ƙarshen ransa, bai taɓa karɓar ko dabino guda a kai ba. Ayarin gishiri suka karkato hanyarsu ta nan, aka dasa dabino, Yalwa da danginta suna cikin waɗanda suka fara tarewa. An binne shi kusa da ƙanensa, a inuwar dutsen nan.

Garin yana nan, ana ce da shi Kifaffen Dutse, domin a bakin rijiyar akwai faffaɗan dutsen nan na Anaruwa da baƙinsa a sama, wanda Nomau ya kife da hannunsa ranar da ya dawo daga jana’iza, shekara bakwai bayan lokacin da ya kamata. Har yau duk wanda ya ja guga, na farko ba nasa ba ne, a kwamin dutse yake juye shi saboda wanda ke tafe a baya. Kuma matan garin sun bar kunyar ɗan fari a abu guda: in ɗansu zai shiga hamada, uwa takan raka shi har bakin rijiya, ta kira sunansa da ƙarfi, ya amsa, sannan ya tafi.